Yadda ake zana labarin ɗan damben da aka raina, daga ranar farko har ya karɓi lasisi

Labaran zane na damben boksin sun fi bunƙasa a Japan, inda ake kiran irin wannan zane manga. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi: yaron da ba a ɗauke shi a bakin komai ba ya shiga gidan horo, ya sha wuya, ya ci jarabawa, ya hau fage a matsayin wanda dambe ya zame masa sana'a. Mai karatu ya san inda za a je tun daga shafin farko, amma ba ya iya ajiye littafin. Abin da ke riƙe shi shi ne matakalar da yaron ke hawa ta gaske ce. Hukumar ta gaske ce, dokokinta na gaske ne, kilo da giram ɗin da ake aunawa na gaske ne. Mai zane ba sai ya ƙago cikas ba, tsarin damben ƙasar ya riga ya jera masa su. Don haka wanda ke son yin irin wannan aiki, ko da da Hausa zai rubuta maganganun, sai ya san matakalar kafin ya ɗauki alƙalami.

Ka fara da matakalar, yaron ya biyo baya

Samu takarda guda ka rubuta waɗannan daga ƙasa zuwa sama, ka manna a bango inda kake aiki.

Hukumar dambe ta Japan, JBC, an kafa ta a 1952, shekarar da Yoshio Shirai ya zama ɗan ƙasar na farko da ya ci kambun duniya. Ita ke ba da lasisi. Mutum ba ya zuwa wurinta shi kaɗai ya ce yana so ya zama ɗan dambe, dole ya kasance ƙarƙashin gidan horo mai rajista, kuma gidan ne ke gabatar da shi. Wannan doka kaɗai ta ba ka rabin labarin, domin makomar yaro tana hannun mai gidan horo. In tsohon ya ce bai isa ba, to bai isa ba.

Daga nan sai jarabawa, mai ɓangare uku: binciken likita har da hoton ƙwaƙwalwa, rubutacciyar jarabawa kan dokokin wasa, sai damben gwaji na turmi biyu a gaban masu dubawa. A zamanin da aka zana fitattun labaran nan, sai wanda ya cika shekara 17 ake ba lasisi, shi ya sa jarumai da yawa 'yan sakandare ne masu ƙirga watannin da suka rage musu.

Lasisin hawa uku ne. Mai lasisin C wasan turmi huɗu yake yi. In ya ci wasa huɗu sai ya koma B, mai turmi shida. In ya ci biyu a nan sai ya koma A, mai turmi takwas zuwa sama. Kowane turmi minti uku ne, da hutun minti ɗaya a tsakani. Wanda ya yi suna a damben 'yan makaranta ko na ƙasa kafin ya shigo yana iya tsallake C ya fara daga B. Riƙe wannan da kyau, domin nan ne za ka ajiye abokin hamayya: sa'an jarumin ne a shekaru, amma ya fara daga hawan da shi jarumin sai ya ci mutum huɗu kafin ya taka.

'Yan turmi huɗu suna da gasar sababbin shiga ta shekara-shekara. Gabashin ƙasar na fitar da gwaninta a kowane ajin nauyi, yammaci ma haka, su haɗu a ƙarshen shekara. Wanda ya ci sai sunansa ya shiga jerin gwanayen ƙasa. Littafinka na farko ba zai kai nan ba, amma ya kamata mai karatu ya hango wurin tun da wuri, ko da a fostar da ke manne a bangon gidan horo ne.

Sai wurin wasa. Zauren Korakuen da ke Tokyo, kusa da filin Tokyo Dome, an buɗe shi a 1962. Yana hawa na biyar na wani gini, ƙarami ne, mutanen da yake ɗauka ba su wuce dubu biyu da wani abu ba. Kujerun ɓangaren kudu ruwan lemo ne, akwai alluna masu nuna gabas da yamma a bango, matattakalar ginin kuwa cike take da rubuce-rubucen 'yan kallo. Bidiyon wasannin wurin suna nan da yawa a YouTube. Tsayar da hoton ka zana zauren daga kusurwa uku ko huɗu ka adana, za ka yi ta komawa gare su.

Yaron: me ya rasa, me ya zo da shi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara wa yaro kowace masifa: maraya ne, talaka ne, gajere ne, ana dukansa a makaranta, uwarsa ba lafiya. Da yawa ba ta ƙara tausayi, gundura take kawowa. Zaɓi rashi ɗaya na rayuwa da rashi ɗaya na jiki, ka tsaya a nan.

Tarihin damben Japan ya isa ya ba ka samfuri. Koichi Wajima lebura ne, yana da shekara 25 ya fara wasa a matsayin ƙwararre, shekarun da ake ganin an makara, amma ya ci kambun duniya a 1971. Guts Ishimatsu an doke shi sau 11 kafin ya ci nasa a 1974. Daisuke Naito ya sha cin zali a makaranta a Hokkaido, karonsa na farko na neman kambun duniya a 2002 cikin daƙiƙa 34 aka gama da shi, sai a karo na uku, a 2007, ya doke mutumin nan da ya kayar da shi. Hiroyuki Sakamoto a gidan renon yara ya tashi, sau huɗu yana neman kambun duniya bai samu ba, kuma hakan bai hana jama'a son sa ba. Kowannensu abu guda ne ya yi masa tarnaƙi: shekaru, yawan faɗuwa, tsoro, rashin gata.

Bayan rashi sai abin da ya zo da shi bai sani ba. Dole ne wannan ya fito daga aikin da yake yi kullum, kuma dole ka nuna aikin kafin ka nuna amfaninsa. A ce yaronka mai raba jarida ne. A Japan masu wannan aiki tun tsakar dare suke tashi, su yi ta hawa da sauka a dogayen gidajen haya marasa lif. Ba shi shafi biyu a babi na farko yana hawan bene da damin jarida a kafaɗa, numfashinsa na fita kamar hayaƙi saboda sanyi, ba tare da kowa ya ce uffan ba. Can gaba a wasan farko, lokacin da ƙafafun abokin karawarsa suka fara rawa a turmi na huɗu nasa kuwa suna nan daram, mai karatu da kansa zai tuna benen. In sai a ranar wasan ka sa koci ya ce ai yaron nan yana da ƙarfin ƙafa, an gane dabara ce ka ɗauko don ka fitar da kanka.

Dalilin shigarsa kuma ya zama ƙarami. Yaron da ya ce zai zama zakaran duniya a shafi na uku ba ya burge kowa. Wanda yake so ya iya kallon mutum ido cikin ido ba tare da ya sunkuyar da kai ba, shi ake bi.

Gidan horo

Mutum huɗu sun isa: mai gida, wanda yawanci tsohon ɗan dambe ne kuma shi ke riƙe da lasisin gidan, sai koci mai riƙe wa yara matashin naushi, sai babban yaya wanda ya daɗe a turmi shida bai wuce ba, sai abokin hamayya a wani gida daban. Babban yayan nan kada ka raina shi. Shi ne ke nuna wa mai karatu abin da ke jiran mafi yawan masu shiga sana'ar: aikin ƙarfi da rana, horo da dare, shekaru na tafiya. A maganganu, yaro ya ce Maigida, ya ce Yaya, su kuma su kira shi kai yaro, ko su laƙaba masa suna. Ranar da tsohon ya fara kiran sa da sunansa na yanka, ka ba wannan akwati babba, wato babban gurbin hoto a shafin.

George Morikawa, wanda ya fara zana labarin dambe mai suna Hajime no Ippo a 1989 kuma littattafansa suka haura 100, yana da gidan horon dambe nasa na kansa a Tokyo, kuma ana ganin haka a zanensa. Kai ma nemi inda ake horon boksin kusa da kai, ka nemi izini ka zauna a gefe da littafin zane. Abin da za ka ɗebo ba naushi kaɗai ba ne: bandejin hannu da aka shanya a igiya, guga, madubin bango mai tsaga, agogon da ke kaɗa ƙararrawa duk minti uku ya sake bayan minti ɗaya, kowa na aiki da ita ba tare da an ce masa ba.

Horon ya bi tsarin da ake bi a zahiri. Gudun asuba da tsallen igiya. Tsayuwa: mai amfani da dama yana sa ƙafar hagu gaba, haɓa a ƙirji, hannun dama a gefen muƙamuƙi, diddigen ƙafar baya a ɗage. Sai naushin zungure na hagu, shi kaɗai, makonni a gaban madubi. Sai miƙaƙƙen naushin dama, a haɗa su ɗaya-biyu. Bayan haka ne ƙugiya, wato naushin gefe da lanƙwasasshen hannu, da naushin da ke tasowa daga ƙasa zuwa haɓa suke zuwa, sannan buhu, sannan matashin koci, daga ƙarshe damben gwaji da hular kariya da manyan safofi masu nauyin oza 14 ko 16.

Horo maimaici ne, maimaici kuwa yana kashe labari. Maganinsa shi ne kowane babin horo ya zama tambaya ɗaya mai amsar da ido ke gani. Misali, duk lokacin da yaro ya jefa dama sai hannun hagunsa ya sauka. Koci ba ya yi masa lacca, sai dai ya maƙale masa nannaɗaɗɗen tawul tsakanin haɓa da kafaɗa, ko ya riƙa ɗan marinsa da matashi a gefen da ya buɗe. Shafi goma tawul na faɗuwa, a na sha ɗaya bai faɗi ba. Mai karatu ya koyi abu ɗaya game da dambe, kuma zai neme shi a wasa na gaba.

Damben gwaji na farko, a doke shi. Ba a tattauna wannan. Amma a cikin dukan ka bar masa abu guda, ko naushi ɗaya da ya shiga, ko tashi ɗaya da ba a zata ba, wanda tsohon kaɗai ya lura da shi.

Rabon shafuka

Babin mako-mako a mujallun Japan shafi 18 zuwa 20 ne, babi na farko kan fi haka tsawo, littafi guda kuma kan tattara kusan shafi 190. In za ka bi wannan awo, ga rabon da ke aiki: babi biyu na rayuwar yaro da shigarsa, uku na horo da dukan farko, ɗaya na jarabawa, ɗaya na rage nauyi da sikeli, uku na wasan farko. Masu farawa kan cinye shafuka a kan baƙin cikin gida, su zo wasan da ake jira su gama shi a shafi takwas.

Kafin zane na sosai, yi daftari da fensir a ƙananan takardu: akwatuna, da'irorin magana, mutane kamar sanduna. A nan ake gyara, ba bayan an sa tawada ba. Akwati biyar zuwa bakwai a shafin hira, biyu zuwa huɗu a shafin faɗa, shafi biyu a haɗe don naushin da ya yanke hukunci, shi ma kada ya wuce sau ɗaya ko biyu a wasa, in ba haka ba ya zama ruwan dare. Manga daga dama zuwa hagu ake karanta shi, kamar ajami. In da boko za ka rubuta, juya tsarin gaba ɗaya: wanda ke kai hari ya fuskanci dama, inda idon mai karatu ke tafiya, abin mamaki kuma ya faɗo a akwatin farko bayan an juya shafi. In a waya za a karanta ana ja sama, tazarar fari tsakanin akwatuna ita ke maye gurbin juya shafin.

Ranar jarabawa

Nan ne zuciyar littafin, kuma nan ne aka fi yin kuskure, domin masu zane kan mai da ita wasan cin kofi. Masu dubawa ba wanda ya fi ƙarfi suke nema ba. Suna duba ko yaro ya iya ɗaya-biyu, ko yana kare kansa, ko numfashinsa zai kai, ko za a iya sa shi a fage ba tare da an kai shi asibiti ba. Mutum biyun da suka kara duk suna iya ci, duk suna iya faɗuwa. Wannan ya fi wasan cin kofi daɗin labari, domin abokin gabar yaro a ranar shi ne ruɗewarsa.

Ga yadda za a iya shimfiɗa shafi 20. Uku na farko: layin samari a farfajiyar zauren, kowa da jakarsa, wani na hamma don tsoro, wani na leƙen hannun na kusa da shi. Shafi ɗaya na rubutacciyar jarabawa, tambayoyin masu sauƙi ne, amma hannun yaro na karkarwa har fensir ya karye. Nan ne wurin dariya, a bar mai karatu ya sarara. Biyu na naɗa bandeji, koci na zagaya wuyan hannu da ƙullin yatsu yana magana ƙasa-ƙasa: «Kada ka nemi kayar da kowa. Hagu, hagu, dama, ka dawo da hannunka gida.» Sai shafi guda cikakke na zauren ba kowa, kujeru fayau, fitila a kan fage, mutum kaɗan zaune da takardu a gabansu. Rashin 'yan kallo shi ne abin tsoron, kowane taku ana jin sa.

Turmi na farko, shafi biyar, yaro ya manta komai. Yana rufe ido, yana wurgi da hannu. Zana akwatunan a karkace, ka matso da hoto har fuskar abokin karawa ta cika ido. Hutu, shafi biyu, kocin ya zare masa robar baki ya faɗi magana ɗaya tak. Turmi na biyu, shafi biyar, akwatunan su miƙe, hoto ya ja baya har a ga ƙafafu, zunguren hagu ya fara shiga yana komawa mazauninsa. Akwati ɗaya ƙarami na alƙalamin mai dubawa yana yin alama. Shafin ƙarshe, sakamako, wanda ba nan take ake faɗa ba, don haka kana da damar barin yaro ya kwana bai runtsa ba ya kuma fita rabon jarida da asuba.

Lasisin kansa ɗan kati ne. Zana shi daidai girmansa a tafin hannu mai kumburi.

Sikeli

Aji-aji ake dambe, kuma iyakar kowane aji ba ta da sassauci: misali kilo 50.8, kilo 53.5, kilo 57.15, kilo 61.2, haka har sama. Yawancin jaruman manga a ƙananan azuzuwan nan suke, domin a nan 'yan damben Japan suka fi yawa. Zaɓi aji tun farko, ka sa nauyin yaro na yau da kullum ya ɗara iyakar da kilo biyar ko shida. A da da safiyar ranar wasa ake awo, yanzu kwana ɗaya kafin wasa, don haka ka san shekarar da labarinka ke faruwa.

Fighting Harada, wanda ya ci kambun duniya yana da shekara 19 a 1962, ya shahara da azabar rage nauyi, har ana ba da labarin ɗaure kan famfo da waya don kada ya sha ruwa. A labarin manga na dambe mai suna Ashita no Joe, wanda ya fito daga 1968 zuwa 1973, abokin hamayyar jarumin ya ƙuntata wa jikinsa don ya sauko ajin jarumin, ya ci wasan, ya mutu bayan an tashi. A watan Maris na 1970 masu karatu suka taru a ginin kamfanin Kodansha, mai buga labarin, suka yi masa zaman makoki na gaske. Tun daga lokacin babin sikeli ya zama wajibi a irin wannan labari.

A zane, rage nauyi a hankali ake nuna shi. Ƙara layi ɗaya ƙarƙashin ƙashin kunci a kowane shafi uku, zurfafa ido, tsattsaga leɓe, sa wuyan riga ya yi masa yawa. Makonnin farko abinci ake ragewa, kwanakin ƙarshe ruwa, kuma ƙishirwa ta fi yunwa cin rai: ba barci, ba haƙuri, ƙarar ɗigon famfo ta cika akwati. Ka nuna illar a fage, ƙafa ta yi nauyi, naushin ciki ya fi shiga. Yara na karanta waɗannan littattafai, kuma busar da jiki yana kashe mutum, don haka kada ka zana shi kamar abin ado.

Naushi a kan takarda

Ƙarfin naushi daga ƙasa yake tasowa: ƙafar baya ta murza, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe. In ka zana hannu a miƙe ƙugu na kallon gaba, tura ƙofa ka zana. Fara da layi ɗaya daga yatsun ƙafar baya zuwa dunƙulen hannu, ka gina jikin a kansa.

Kowane naushi mai muhimmanci lokaci uku gare shi: shiri, haɗuwa, sakamako. Ba dole ka zana duka ba. Sau da yawa tsallake haɗuwar ya fi ƙarfi, a ga kafaɗa ta nutse, akwati na gaba robar baki na shawagi a iska. Layukan gudu su bi hanyar hannu, layukan da ke taruwa wuri ɗaya su nuna inda ya sauka, gumi ya fantsama ta inda kan ya juya.

San abin da kowane naushi ke yi wa jiki. Na haɓa yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza, ƙafafu su saki nan take, mutum ya zube bai san ya faɗi ba. Na hanta daban ne. Hanta tana gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, don haka ƙugiyar hagu ke samun ta, kuma wanda aka nausa yakan yi daƙiƙa ɗaya ko biyu a tsaye kafin ya durƙusa, hankalinsa garau, jikinsa ya ƙi tashi. Wannan jinkirin kyauta ce ga mai zane: akwati biyu shiru, sannan gwiwa ta taɓa ƙasa.

Abubuwan da ke lalata shafin faɗa sanannu ne. Ƙafar gaba ta sauya daga akwati zuwa akwati ba dalili, mai dama ya koma bahago. Hoto ya tsallaka ɗaya gefen fage, wanda ke hagu ya koma dama, mai karatu ya rasa wa ya nausa wa. Ja layi tsakanin 'yan damben biyu ka tsaya a gefe ɗaya, in za ka tsallaka ka sa babban akwati mai nuna fagen duka. 'Yan dambe biyu masu kama da juna, alhali baƙi da fari kake zane. Ba ɗaya baƙin wando da gashi mai duhu, ɗaya fari. Kumburin da ya fito a turmi na biyu ya ɓace a na uku. Ajiye takardar raunuka a gefe kana cikawa. Sai surutu: 'yan kallo da koci su yi bayani a ƙananan akwatuna, amma ɗan damben da ke tsakiyar musayar naushi tunaninsa kalma uku ne ko huɗu.

Sautuka a manga ɓangaren zane ne, da hannu ake rubuta su, manya ko ƙanana gwargwadon ƙarfin bugu. Hausa ba ta rasa su ba: fau, tim, dim, ƙwal. Zana su da alƙalamin da ka yi zanen, kada ka buga su da haruffan kwamfuta. In a kwamfuta ko waya kake aiki, da manhajar zane kamar Clip Studio Paint ko ibisPaint, sa shafin baƙi da fari a 600 dpi (awon kaifin hoto) in za a buga a takarda, kuma kada ka rage girman shafi bayan ka sa inuwar ɗige-ɗige, domin ɗigon kan harɗe ya fito da wani zane mai ƙyalli da ba ka sa ba.

Wasan farko

Kafin ƙararrawa, nuna kuɗin. Ladan ɗan turmi huɗu kaɗan ne, sau da yawa ma da tikiti ake biyansa ya je ya sayar da kansa, gidan horo kuma na ɗaukar kashi ɗaya cikin uku. Yaron da ba shi da abokai, an miƙa masa damin tikiti, wannan babi ne sukutum. Wa zai saya? Mai shagon jarida ya ɗauki biyu, wata tsohuwa a hawa na biyar ta ɗauki ɗaya ko da ba za ta je ba. Fuskokin nan su ne za ka dasa a cikin kujerun da rabinsu ba kowa, domin wasan sababbi da wuri ake yin sa, kafin zauren ya cika.

Safar wasa ƙarama ce, oza 8 a ƙananan azuzuwa, kusan giram 227, kuma babu hular kariya. Naushin farko da ya same shi ya zama abin da bai taɓa ji ba. Kusurwa ja ta wanda ya fi matsayi ce, shuɗiya ta mai ƙalubale. Alƙalai uku ke ba da maki, wanda ya ci turmi 10, ɗayan 9, in an kayar da shi 8. Mai karatun da ya saba da damben gargajiya ya san da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, don haka tun a babin horo ka sa wani ya bayyana cewa a nan ana ƙirga goma, mutum na iya tashi ya ci gaba har ya ci wasan. Amma a zamanin da aka zana fitattun labaran nan, a wasan turmi huɗu a Japan ana aiki da dokar cewa faɗuwa biyu a turmi ɗaya ta ƙare wasa. In ka kayar da yaronka sau ɗaya a farkon turmi, sauran minti biyun sun zama tafiya a bakin rijiya, ba sai ka ƙara komai ba.

Abokin karawar shi ma sabo ne, ko mai wasa ɗaya ko biyu. Ba shi shafi biyu na rayuwarsa, matarsa ko aikinsa, don nasarar ta yi nauyi. Nasarar kuma ta fito daga abin da mai karatu ya gani ana koya: hannun hagun da ya daina sauka, ƙafafun bene. Kada sabon naushi ya faɗo daga sama a turmi na huɗu.

Ko ya ci ko ya faɗi, duka suna aiki. In ya ci da maki, alƙalai biyu da ɗaya, ka bar wa littafi na biyu tambayar ko ya cancanta. In ya faɗi, lissafin wasa huɗun da yake nema bai motsa ba, abokin hamayya kuma ya ƙara nisa. A shafin ƙarshe sa ɗan akwati mai tarihin wasanninsa kamar yadda mujallun dambe ke yi: wasa 1, nasara ko faɗuwa 1, da ajin nauyinsa. Ka riƙa sabunta shi a ƙarshen kowane wasa, ka kuma ajiye kwafi a bango kusa da matakalar, domin masu karatun irin wannan labari suna ƙirgawa, kuma za su kama ka ranar da ka ba shi wasan turmi shida alhali nasara uku gare shi.